Allurar siteroyid a gwiwa ko wata hanyar: me kowacce ke bayarwa, me take karɓa?

Wanda gwiwa ta hana shi barci ba ya son dogon bayani. Da likita ya ce akwai allurar da za a yi a cikin gaɓar, nan da kwana biyu ko uku ciwon ya lafa, kafin ya rufe baki an naɗe ƙafar wando. Kuma likitan bai yi ƙarya ba, allurar tana aiki. Sai dai akwai tambayoyi biyu da zafin ciwo kan hana a yi a wannan lokacin: sauƙin na tsawon wane lokaci ne, kuma me jiki zai biya a kansa?

Da farko a raba wani ruɗani. Siteroyid ɗin da ake sa wa gwiwa ba shi ne wanda masu ɗaga ƙarfe ke sha don tsoka ta kumbura ba. Na gwiwar ɗan'uwan kotisol ne, sinadarin da wasu 'yan ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda suke fitarwa kullum, kuma cikin ayyukansa akwai kwantar da kumburi. A 1948 ne Philip Hench ya fara gwada kotison, wani magani na wannan dangi, a kan mai amosanin gaɓɓai a asibitin Mayo da ke Amurka, abin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1950 tare da Edward Kendall da Tadeus Reichstein. A 1951 Joseph Hollander a Filadelfiya ya fara zuba irin maganin kai tsaye a cikin gaɓa. Ke nan sama da shekara saba'in ana wannan allura, don haka an san halinta fiye da duk sauran alluran gwiwa da suka zo daga baya. Waɗanda aka fi amfani da su yau su ne Kenalog da Depo-Medrol, yawanci miligiram 40, kuma akan haɗa da maganin kashe zafi irin su lidoken. Wannan haɗin ne ke sa wasu su sauko daga gadon asibiti suna cewa sun warke. Lidoken ne ya daskarar da wurin, kuma bayan 'yan awoyi zai saki.

Sauƙin da siteroyid ɗin kansa ke kawowa yana farawa ne cikin kwana ɗaya zuwa uku, ya fi ƙarfi a makonni biyun farko, sannan ya riƙa ja da baya. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tattara gwaje-gwajen magani ta auna su, ta duba gwaji 27 a 2015. Ta ga amfanin a fili yake a makonnin farko har zuwa wajen mako shida, ya yi rauni a wata uku, a wata shida kuwa babu alamar ya saura. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, a ƙa'idojinta na 2022, ta ce a gaya wa mara lafiya cewa sauƙin na mako 2 zuwa 10 ne. Akwai waɗanda tasu ke kaiwa watanni, akwai kuma waɗanda ko gezau. Amma duk wanda zai yi lissafi, da makonni zai yi shi. Allurar ba ta mayar da guringuntsin da ya cinye, ba ta miƙe ƙafar da ta bauɗe. Aron sauƙi take bayarwa na ɗan lokaci, kuma duk maganar zaɓi tana komawa ne ga abin da za a yi da wannan aron.

Abin da take yi wa jiki a kwanakin farko

Wanda aka fi gani shi ne ciwon ya ƙaru kafin ya ragu. Maganin ba ruwa ne zalla ba, ƙananan tsakuwoyi ne da ido ba ya gani, an yi su haka don su narke a hankali su daɗe a wurin. A jikin wasu, tsakuwoyin nan sukan tsokano fatar cikin gaɓa, sai gwiwa ta ɗau zafi ta kumbura a daren da aka yi allurar ko washegari. Yakan wuce cikin kwana biyu da ƙanƙara da farasitamol. Wasu kuma, musamman mata, fuskarsu kan yi ja ta yi ɗumi na kwana ɗaya ko biyu. Akwai rashin barci, akwai jin rai ya motsa ba dalili, akwai hawan jini ya ɗan ɗaga. Jinin al'ada ma yakan iya sauya lokaci ko ya tsawaita a watan da aka yi allurar, abin da kan tayar wa mace hankali in ba a faɗa mata tun farko ba.

Duk waɗannan suna nuna abu ɗaya da mutane ba sa kawowa a rai: maganin ba ya tsayawa a gwiwa. Wani kaso nasa yana shiga jini ya zagaya jiki. Jiki kuwa da ya ji kotisol ya yi yawa sai ya rage nasa na 'yan kwanaki ko makonni kafin ya dawo daidai. Ga mai lafiya da aka yi wa sau ɗaya, wannan yakan wuce bai ma sani ba. Ga wanda ake yi wa a gwiwa biyu, a ƙara da kafaɗa, kuma yana shaƙar siteroyid na asma ko yana shafa shi a fata, abin taruwa yake.

Masu ciwon sukari su ne suka fi kamata su tsaya a nan. Siteroyid yana sa hanta ta saki sukari da yawa, yana kuma sa jiki ya ƙi jin maganar insulin. Bayan allurar, sukari yakan tashi cikin 'yan awoyi, ya kai ƙololuwa a kwana ɗaya ko biyun farko, ya ɗauki kusan mako kafin ya koma inda yake, wani lokacin fiye. In sukarin mutum dama a saite yake, yana da na'urar awo, yana kuma da wanda zai kira in ya ga lamba ta haura, ba abin da zai hana a yi masa. In kuwa sukarin dama yawo yake a sama, a ganina bai dace a ɗora masa wannan nauyin ba sai an fara daidaita shi. Ko da za a yi, gwamma gwiwa ɗaya a rana ɗaya, a bar ɗayar sai an ga yadda jiki ya karɓa. Akwai wani samfuri mai suna Zilretta da aka amince da shi a Amurka a 2017, wanda ke sakin maganin a hankali kuma bai kai na yau da kullum ɗaga sukari ba, amma ba ko'ina ake samunsa ba.

Fata ma tana da nata rabon. In wani ɓangare na maganin ya tsiyayo ta hanyar da allura ta bi ya zauna ƙarƙashin fata, wurin yakan yi fari ko ya loɓa saboda kitsen wurin ya narke. Ba ya fitowa nan take, sai bayan wata ɗaya zuwa 'yan watanni, lokacin da mutum ya ma manta da allurar. A fata mai duhu ya fi bayyana. Yawanci launin yana dawowa, amma yana iya cin shekara ko fiye. Gwiwa dai ta fi wuyan hannu ko gwiwar hannu sa'a a nan, don gaɓarta tana da zurfi da faɗi.

Akwai wani gargaɗi da ba a cika ji ba, kuma yana da nauyi. Masu shan maganin HIV da ke ɗauke da ritonabir ko kobisistat, hantarsu ba ta iya narkar da irin wannan siteroyid da wuri, domin magungunan suna toshe hanyar da take bi ta fitar da shi. Sai allura ɗaya ta zauna a jini makonni masu yawa, fuska ta yi ƙiba ta zama da'ira, sukari ya tashi, daga baya kuma in maganin ya ƙare jiki ya kasa samar da nasa kotisol ɗin. Wasu magungunan kashe naman gwari irin su itirakonazol ma suna yin makamancin haka. Don haka duk abin da mutum ke sha ya faɗa wa likita kafin a buɗe kwalba, ko da yana ganin ba ruwansa da gwiwa. Ga 'yan wasa kuma: tun Janairun 2022 hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ta haramta kowace irin allurar wannan rukuni a lokacin gasa, har da ta cikin gaɓa.

Maganar guringuntsi

Nan ne muhawarar ta fi zafi, kuma nan ne ya kamata mai zaɓi ya fi daɗewa. Guringuntsi shi ne santsin da ya lulluɓe bakin ƙasusuwa don kada su gogi juna, kaurinsa 'yan milimita kaɗan ne, ba shi da jijiyoyin jini, kuma in ya tafi ba ya dawowa kamar da. An daɗe ana zargin siteroyid yana raunana ƙwayoyin da ke gina shi. A 2003 wani gwaji a Kanada da mutum 68, allura duk wata uku har shekara biyu, bai ga bambanci a hoton ƙashi ba, hankali ya ɗan kwanta. Sai 2017, Timothy McAlindon da abokan aikinsa a Boston suka fitar da gwaji a mujallar JAMA. Sun raba mutum 140 gida biyu, rabi ana yi musu miligiram 40 na siteroyid duk mako 12, rabi ana yi musu ruwan gishiri kawai, har shekara biyu, kuma da hoton MRI suka auna, wanda ya fi hoton ƙashi na yau da kullum gani. Masu siteroyid sun rasa milimita 0.21 na kaurin guringuntsi, masu ruwan gishiri 0.10. Ninki biyu ke nan. Abin da ya fi ba da haushi shi ne, a ciwon da suke ji ba a ga wani bambanci tsakanin gidajen biyu ba.

Dole a yi wa wannan sakamako adalci ta fuska biyu. Kashi ɗaya cikin goma na milimita abu ne ƙarami, kuma ba a nuna waɗannan mutane sun fi shan wuyar tafiya a ƙarshen gwajin ba. Sannan duk wata uku ake auna ciwonsu, wato daidai lokacin da aikin allurar ya riga ya ƙare, don haka gwajin bai kama makonnin daɗin da ke biyo bayan kowace allura ba. Amma saƙon a fili yake: wanda ya mayar da ita abin yi duk wata uku, a ji ciwo ko kar a ji, yana biya da abin da ba ya sabuntuwa, kuma bayan shekara biyu ba shi da ribar da zai nuna.

A 2019 wasu likitocin hoto a Jami'ar Boston suka bibiyi mutum 459 da aka yi wa allurar a ƙugu ko gwiwa, suka ga matsala a kashi 8 cikin ɗari: amosanin ya yi saurin ci gaba, ko ƙashin da ke ƙarƙashin guringuntsi ya tsage, ko wani yankinsa ya mutu, ko gaɓar ta rushe cikin ƙanƙanin lokaci. Ƙugu ya fi shan wahala, a gwiwa kashi 4 ne. Irin wannan bincike ba ya iya tabbatar da cewa allurar ce sila, domin wanda gaɓarsa ke saurin lalacewa shi ne dama zai fi neman allura. Darasin da ke ciki dai mai amfani ne: in ciwo ya tashi farat ɗaya, ya yi tsanani fiye da abin da hoton ƙashi ke nunawa, a bincika ko akwai tsagewa a ƙashin kafin a rufe ciwon da allura. Gwiwar da ƙashinta ya tsage hutu take so. In aka kashe mata zafi, mai ita zai ci gaba da taka ta har ta durƙushe.

Daga nan aka samo ƙa'idar da yawancin likitoci ke bi, ta barin aƙalla wata uku tsakanin allura da allura a gaɓa ɗaya, kada kuma ta wuce uku ko huɗu a shekara. Wannan iyaka ce ta sama, kar a ɗauke ta a matsayin jadawali. In ta farko ba ta ba da ko mako uku ko huɗu na sauƙi ba, ban ga dalilin ta biyu ba.

Shigar ƙwayoyin cuta cikin gaɓa shi ne mafi haɗari, ko da yake ba kasafai yake faruwa ba, mutum ɗaya ne cikin dubbai. Yana iya cinye guringuntsi cikin kwanaki, kuma maganinsa wanke gaɓa ne a ɗakin tiyata da makonni na maganin kashe ƙwayoyin cuta. Shi ya sa ba a yin allurar in akwai ƙuraje ko gyambo a fatar wurin, ko mutum yana zazzaɓi, ko ana zargin dama akwai cuta a ciki, shi ya sa kuma ba aikin kowane mai riƙe sirinji ba ne. Gwiwar da aka riga aka sa wa ta roba da ƙarfe ba a taɓa ta sai da izinin likitan da ke wannan tiyata. Mai shirin a sauya masa gwiwa kuwa ya riƙe wannan: allura cikin wata uku kafin tiyatar tana ƙara haɗarin cuta ta kama sabuwar gaɓar, kuma likitoci da yawa za su ɗage ranar aikin saboda ita.

Sauran alluran

Wanda ya ji duk wannan ya tsorata, abin da akan miƙo masa na gaba shi ne allurar hayaluronik, wadda ake kira man gwiwa. Sinadari ne mai yauƙi da dama akwai shi a ruwan gaɓa, kuma hikimar ita ce a ƙara wa gwiwa maiƙo. Ana yin ta sau ɗaya ko sau uku zuwa biyar, mako-mako. Tana da abin yabo: ba ta ɗaga sukari, ba ta sa fata ta yi fari, ba a kuma kama ta da cin guringuntsi ba. Aikinta a hankali yake farawa, bayan makonni, kuma masu jin daɗinta suna cewa ta fi daɗewa. Matsalar ita ce in aka ajiye ta gefe da gefe da ruwan gishiri, ratar ƙarama ce ƙwarai. A 2022 mujallar BMJ ta buga nazarin gwaji 169 da suka haɗa sama da mutum 21,000, ya nuna ragin ciwon bai kai wanda mara lafiya zai ji a jikinsa ba, kuma matsaloli masu tsanani sun ɗan fi yawa a masu karɓarta. NICE ta ce kada a bayar da ita, ƙungiyar likitocin tiyatar ƙashi ta Amurka ma ba ta goyon bayan a riƙa yin ta ga kowa. Wani lokaci takan jawo kumburi mai zafi da ke kama da shigar cuta, abin da aka fi dangantawa da wani samfurinta mai suna Synvisc. Wasu samfuran daga zankon zakara ake haɗa su, don haka wanda jikinsa ba ya shiri da ƙwai ko kaji ya sanar. Ta fi siteroyid tsada nesa ba kusa ba, kuma ga yawancin mutane kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. Inda nake ganin akwai hujjar gwada ta shi ne mai sukarin da ya ƙi saituwa, wanda ya gwada sauran hanyoyi, kuma ya shiga da idonsa a buɗe.

Sai PRP, inda ake ɗibar jinin mutum a juya shi a na'ura, a ware ɓangaren da ke da ƙwayoyin daskarar da jini a mayar a gwiwa. Da yake jininka ne, illarta kaɗan ce, ciwo da kumburi na 'yan kwanaki. Labarinta yana da daɗin ji, ƙananan gwaje-gwaje ma sun yabe ta. Amma a 2021 wani gwaji a Ostireliya da mutum 288 ya kwatanta ta da ruwan gishiri, bayan wata 12 babu bambanci a ciwo ko a guringuntsi. Ƙungiyar likitocin amosani ta Amurka a 2019 ta ba da shawarar kada a yi ta, haka ma allurar ƙwayoyin halitta na asali da ake tallatawa da sunan tsiro da sabon guringuntsi. Wannan ƙungiyar kuwa, a wannan takardar, ta goyi bayan siteroyid a gwiwa da ƙarfi. Wato duk da illolin da muka lissafa, cikin alluran uku shi ne wanda aka tabbatar yana yin abin da aka ce yana yi, ko da na ɗan lokaci ne.

Magungunan sha irin su ibufurofen da diklofenak ba su fi allurar tsarki ba don kawai ba a huda fata. Wanda ya shafe watanni yana shan su kullum yana caca da gyambon ciki, da ƙodarsa, da zuciyarsa, kuma haɗarin yana ƙaruwa da shekaru. Ga dattijo mai raunin ƙoda ko wanda cikinsa ya taɓa zubar da jini, allurar siteroyid guda ɗaya ta fi aminci fiye da kwalin ƙwayoyi. Diklofenak na shafawa kuwa daban ne, kaɗan ne ke shiga jini, kuma gwiwa tana kusa da fata, don haka yana isa inda ake so. Ya cancanci a gwada shi makonni kafin a kai ga allura, amma an raina shi saboda arharsa.

Abokin takarar gaske

Duk wannan kwatancen tsakanin allura da allura ne, alhali wanda ya kayar da siteroyid a fili ba allura ba ne. A 2020 mujallar New England Journal of Medicine ta buga gwajin da aka yi a asibitocin sojan Amurka da mutum 156 masu amosanin gwiwa. Rabi aka tura su wurin likitan fisiyo, mai jinya ta hanyar motsa jiki, rabi aka yi musu allura. An auna su da ma'aunin ciwo da wahalar motsi da ke tashi daga 0 zuwa 240, inda ƙaramar lamba ta fi kyau. Dukansu sun fara ne daga wajen 108. Bayan shekara guda masu allura suna 55.8, masu motsa jiki suna 37. Kowa ya samu sauƙi, amma ratar ba ƙarama ba ce.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tsokar gaban cinya ita ce ke tare nauyi kafin ya sauka a kan gaɓa, kamar yadda sifirin ke tare wa mota gargada. Ciwo yana sa mutum ya daina amfani da ƙafar, tsokar ta rame, gaɓar ta ƙara ɗaukar duka, ciwo ya ƙaru. Allura ba ta taɓa wannan tsokar ko kaɗan. Nauyin jiki ma haka: wani bincike na Stephen Messier a 2005 ya nuna duk kilo ɗaya da aka rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. A ninka da takun da mutum ke yi a yini. Illar motsa jiki kuwa ita ce tsamin jiki a makonnin farko, da cin lokaci, da buƙatar naci, kuma a nan ne mutane ke faɗuwa. Allura minti biyar ce, wannan kuwa watanni ne, kuma da an daina amfaninsa yake fara zubewa. Ko sandar tafiya tana rage nauyi sosai in an riƙe ta a hannun da ke ɓangaren lafiyayyar ƙafar, sai dai girman kai ke hana da yawa ɗaukarta.

A nan ne kuma allurar ke samun muhallinta mafi kyau. Mutumin da gwiwarsa ta kumbura har ba ya iya lanƙwasa ta, ka ce masa ya je ya motsa jiki, ba'a kake masa. A zuƙe ruwan, a sa siteroyid, ya samu mako huɗu ko shida, ya yi amfani da su wurin gina tsokar. In sauƙin allurar ya ƙare, ya tarar da wani abu ya riƙe shi. Wanda kuwa ya karɓi makonnin ya koma ya zauna, ko ya koma ɗaukar kaya da gudu saboda ba ya jin komai, bayan wata uku zai dawo inda ya bari, ko baya da nan.

Saboda haka amsar ta danganta da wace gwiwa ce, kuma ta wane ne. Gwiwar da ta cika da ruwa ta ɗau zafi saboda gawut, cutar da ke tara ƙananan tsakuwoyi a gaɓa, ko saboda amosanin rumatoyid inda garkuwar jiki ke yaƙar gaɓɓai, ita ce allurar ta fi yi wa aiki, domin kumburin shi ne cutar a wannan lokacin, matuƙar an fara gwada ruwan an tabbatar babu ƙwayoyin cuta. Mai shekara arba'in da ɗoriya da amosaninsa ke farawa, guringuntsinsa da saura, shi ne ya fi kowa asara in ya saba da ita, don yana da shekaru talatin ko fiye da zai taka wannan gwiwar. Tsohon da ƙashi ya riga ya haɗu da ƙashi, kuma zuciyarsa ko huhunsa ba za su ɗauki tiyata ba, maganar kare guringuntsi ta wuce shi, kuma in allura sau biyu ko uku a shekara ce ke ba shi barci da fita ƙofar gida, ban ga laifinta ba. Wanda lafiyarsa za ta ɗauki tiyata kuma allurai sun fara gajarta, daga wata uku zuwa mako uku, ya daina jan lokaci ya zauna da likitan tiyata. Nazarin da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan kashi 82 cikin ɗari na sauyin gwiwa gaba ɗaya suna kaiwa shekara 25, ko da yake wajen mutum ɗaya cikin biyar yakan ci gaba da jin wani ciwo bayan aikin. In kuma ciwon a jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa yake, irin na masu tsalle, siteroyid a cikinta yana raunana ta har ta iya tsinkewa, don haka a nan motsa jiki ne babban abin yi.

In an yanke shawarar yin ta, a nemi a zuƙe ruwan gaɓar tukuna in akwai, a kuma rubuta rana da sunan magani da yawansa a ajiye, domin likita na gaba zai tambaya kuma ƙwaƙwalwa ba abin dogaro ba ce. Masu shan maganin tsinka jini irin su wafarin yawanci ba sai sun dakatar ba, amma likita ya sani, kuma kada su tsayar da kansu. A hutar da ƙafar kwana ɗaya ko biyu, tafiyar cikin gida ba laifi, banda gudu da ɗaukar nauyi. Mai sukari ya riƙa awo fiye da yadda ya saba har mako guda. Sannan a lura da lokaci, don shi ke raba zafin tsakuwoyin magani da shigar cuta. Na farkon yana zuwa da wuri, cikin awa 24, kuma kullum raguwa yake. Na biyun yakan bayyana bayan kwana biyu ko uku ko fiye, kullum ƙaruwa yake, gwiwa ta yi ja ta yi zafi ta ƙi lanƙwasuwa, sau da yawa da zazzaɓi da rawar ɗari. Wanda ya ga haka kada ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta da kansa, don zai ɓata gwajin ruwan da likita ke buƙata, kada kuma ya jira gari ya waye. Ya tafi sashen gaggawa a daren, ya gaya musu ranar da aka yi masa allurar.